Bel Mai Kan Tauraro

Ni dai ban taɓa dukan Dilcia ba. Da wannan zan fara, domin wanda ya riga ya ji labarin a bakin wasu ya ji nawa. Baki ne da ni, na yarda. In na ɗaga murya a tsakar gida, karnukan layin baya ma sai sun amsa. Amma hannuna bai taɓa sauka a jikin yarinyar nan ba.

Dilcia jikata ce. Uwarta Marlen, 'yata tilo, ta bi hanyar arewa kamar yadda rabin 'yan matan unguwarmu suka bi. Ta bar yarinyar a gidan ubanta Selvin da uwarsa Donya Otilia, ta ce in ta samu wurin zama za ta aiko a kai mata ita. Tun daga iyakar Meziko ba mu sake jin muryarta ba.

Wata rana da hantsi ina bakin kamfanin ɗinki, ina juya wainar fulawa ina shafa mata wake, sai ga Zoila a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Zoila komadre ce a wurina, ita ta riƙe Marlen ranar baftisma. Wadda ta riƙe maka ɗa a gaban Allah ba a zaginta, ba a yi mata ƙarya, ba a rufe mata ƙofa.

"Komadre, bar kaskon nan," ta ce. "Selvin zai kashe yarinyar nan."

Muka same ta ta maƙale a bayan kwamin wanki, shi kuma yana tsaye a kanta da bel, ya naɗe fatar a hannu, ƙarfen ne ya saki. Ya sha ya yi tatil, shi ya sa da na cafke bel ɗin na fizga ya biyo ni. Zoila ta sunkuci yarinyar muka fito. Kan bel ɗin tauraro ne na ƙarfe mai tsini biyar, kuma tauraron ya zauna ɗaram a kafaɗar Dilcia ta hagu. Zoila ce ta wanke ciwon da ruwan gishiri tana kuka. Ciwo ya warke, tabo ya zauna, har yaran makaranta suna ce mata ta nuna musu tauraronta.

Bel ɗin kuwa na cilla shi saman kabad ɗin ɗakina. An sha tambayata dalilin da ya sa ban jefa shi a kogi ba. Ina jin so nake kullum in san inda yake.

Ba a daɗe ba Donya Otilia ta kai ƙarata ofishin kula da yara, wai na sace musu jini. Jami'ar ofishin, wata doguwar mata mai tabarau, ta ɗaga rigar Dilcia ta ga tabon, ta tambaya. Otilia ta rantse yarinya ta bar gidansu da fata sumul. Ni na ce tun kafin ta zo hannuna ne, na tsaya a nan. Ban kira sunan Selvin ba. Selvin da samarin da ke riƙe da unguwa yake zama, kuma wanda zai ambaci ɗayansu a ofis gara ya ɗaure kayansa tukuna. Ita ma Dilcia na ja mata kunne: duk wanda ya tambaye ki, kada ki kira sunan ubanki. Jami'ar ta ce yarinya ta zauna a wurina zuwa a gani, amma sai na shiga zaman iyaye da wata ƙungiya ke yi a zauren cocinmu, in kawo takardar shaida.

Na je ne da ɓacin rai. Da furfurata za a koya mini reno? Muka zauna a da'ira kan kujerun roba, kakanni da gwaggwanni da iyaye, har da Zoila mai riƙon tagwayen ɗanta. Malamar sunanta Iveth, 'yar siririya, ko ɗan kyanwa ba ta taɓa goyawa ba.

"Malama," na ce mata ranar farko, "ke da ba ki taɓa tsamo yaro daga cikin kwata ba, me za ki gaya mana?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba abin da zan gaya muku, Donya Mencha. Ku za ku gaya wa juna. Ni mai tsaron ƙofa ce." Sai ta kafa mana doka guda, ta sa muka maimaita a tare: abin da aka faɗa a da'ira, a da'ira yake kwana.

Gaskiya zan faɗa, na so wurin nan. Mukan yi wasan kwaikwayo, wata ta zama yaro wata ta zama uwa. Zoila in ta zama yaro sai ta kwanta a ƙasa tana shure-shure, mu yi ta dariya har da hawaye. Aka koya mana durƙusawa daidai tsawon yaro kafin a yi masa magana, ni da gwiwata ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Aka koya mana yabon yaro a kan ƙaramin abu. Ranar da na fara ce wa Dilcia ta iya tsince wake, sai ta kalle ni kamar na yi wani yare. Bayan 'yan makonni na ji tana waƙa a bakin famfo, yarinyar da ta zo mini ko tari ba ta yi da ƙarfi. Duk Laraba, ranar zaman, tun azahar nake rufe kasko, ko akwai ciniki.

Wata Laraba Iveth ta ce mako mai zuwa kowace ta kawo abin da take duka da shi. Za mu zuba a kwando, ranar rufe zama mu haƙa rami a bayan coci mu binne, mu kaɗai.

"Wadda ba ta da shi fa?" na tambaya.

"Ji waliyyiya!" in ji wata. "Komadre, ki kawo bakinki, kwandon zai ɗauka," in ji Zoila.

Iveth ta ce, "Wadda ba ta duka ta kawo abin da yaro ke tsoro a gidan."

Na koma gida ina juya maganar. Zuwa hannu rabbana cikin mata kowa da nata, wannan nuna kai ne, kamar in ce na fi su. Kuma akwai abin da yarinya ke tsoro a gidana. Tunda ta zo ba ta taɓa shiga ɗakina ba. In na aike ta ɗauko mini abu, sai ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a saman kabad.

Ranar kwando aka sha dariya. Silifas sun fi yawa, sai ludayin katako, sai wayar dutsen guga. Wata ta kawo murfin tukunya ta ce ba duka take yi da shi ba, jifa take yi. Da aka zo kaina na zaro bel ɗin daga jaka, tauraron ya bugi siminti ya yi ƙara, dariya ta ɗauke. Na ba su labarin tun daga kasko har kwamin wanki. A ranar na fara kiran sunan Selvin da ƙarfi a wajen gidana. Zoila ta ce, "Haka aka yi, ni na wanke ciwon." Mata suka yi ta share hawaye. Iveth ta taso ta durƙusa a gabana, ta riƙe hannuwana biyu.

"Donya Mencha," ta ce, "daga kwandon nan sai rami. Ba wanda zai sake ganinsa."

Da na koma gida Dilcia ta leƙa daga bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon saman kabad.

"Kaka, ina yake?"

"Ya tafi, uwata. Binne shi za a yi."

"A ƙasa sosai?"

"Sosai."

Ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu. Da na dawo daga wanke-wanke na same ta a kan gadona tana barcin rana, baki buɗe.

Ranar rufe zama aka ce kowace ta zo da yaranta da danginta, za a yi shinkafa da kaza, manyan ƙungiya za su zo daga babban birni. Na yi wa Dilcia kitso, na sa mata rigar da na ɗinka mata, mai siririn hannu saboda zafi. Muna shiga zauren na ga balan-balan, na ga lasifika, na ga rabin unguwa. Donya Otilia na zaune a layin gaba da jakarta a cinya, ita ma dangi ce, ba mai hana ta. Jami'a mai tabarau na kusa da baƙi. A bakin ƙofa abokan Selvin biyu sun jingina da bango, kowa da farantin shinkafa.

Sannan na ga igiyar. An ja ta daga wannan taga zuwa waccan kamar ta shanya, an rataye kayan kwandon ɗaya bayan ɗaya. Silifas, ludayi, waya, murfin tukunya. A tsakiya bel, tauraron na lilo. A sama wani farin ƙyalle da manyan haruffa: HANNAYENMU SUN AJIYE.

Dilcia ta matse mini yatsu. "Kaka, kin ce an binne."

Na nemo Iveth a bayan teburin abinci. Gumi ya jiƙa mata wuya.

"Malama, mene ne wancan?"

"Daga sama aka canza tsari, Donya Mencha. Sun ce rami a bayan coci ba wanda zai gani, suna so a ga aikin da aka yi. Ba suna a jikin kaya ai. Na so in gaya miki, abubuwa suka yi mini yawa."

"Ba suna? A unguwar nan? Silifas ɗin kowa an san shi. Sauke shi yanzu."

"Bari a gama jawabi, zan san yadda zan yi."

Ba ta san yadda za ta yi ba. Jawabi ya ƙare, wani mai farar riga ya karɓi abin magana ya ce yanzu kowace jaruma za ta fito ta cire abin da hannunta ya ajiye, ta jefa a kwando, ta karɓi takardarta. Aka fara kira. Zoila ta ciro ludayinta ta yi masa sumba ta jefa, zaure ya ɗauki shewa. Igiya ta yi ta raguwa. Da aka kira Clementina, ni ce, sunana na takarda ke nan, saura bel da murfin tukunya, kuma mai murfin tana tsaye a bayana kowa ya san ta.

Na ƙi tashi. Zoila ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Je ki, komadre, ki jefa ki huta. In kin zauna ma ai an gane." Iveth ta sunkuyo kunnena. "Don Allah, baƙi na kallo. In ba ki fita ba, ba takarda." Takardar nan kuwa ita ce Dilcia. Na tashi, na miƙa hannu na ciro shi, aka tafa mini. Wani ya ɗauki hoto.

"Tsaya!"

Otilia ce. Ta taso ba gaggawa, ta kama Dilcia a dantse ta juya ta ga jama'a, ta zame hannun rigar. Ta nuna kafaɗar, ta nuna abin da ke lilo a hannuna.

"Jama'a ku ƙirga tsinin," ta ce. Ta juya ga jami'ar. "Ranki ya daɗe, ki sa tabaraunki da kyau. Na gaya miki jikata ta bar gidana da fata sumul, kika ce ba shaida. Ga shi Allah ya sa ta ɗauko da hannunta, ana yi mata tafi."

"Ƙarya kike yi, Otilia! Kin fi kowa sanin mai bel ɗin nan!"

"To na wane ne? Faɗi mana."

Na kalli bakin ƙofa. Abokan Selvin sun daina cin shinkafar. Amma ni a lokacin na riga na wuce tsoro. Na ce, "Na ɗanki ne. Daga hannunsa na fizge shi."

Otilia ta yi dariya. "Ɗana wandon roba yake sawa. Wa ya gani?"

Na juya wurin matan da'ira. Duk suna nan a jere da takardunsu a hannu, matan da suka jiƙa mini kafaɗa da hawaye. Ɗaya ta sunkuya tana gyara wa yaro takalmi. Ɗaya ta shiga neman abu a jaka.

Jami'ar ta miƙe. "Malama Iveth, me aka gaya miki game da wannan bel ɗin?"

Iveth ta kalle ni, ta kalli ƙofa, ta kalli mai farar riga.

"Muna da doka," ta ce. "Abin da aka faɗa a da'ira, ba na iya fitar da shi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan kasko. "Ni na faɗa! Maganata ce! Na yafe miki dokar, faɗi!"

"Ba ke kaɗai ce a da'irar ba, Donya Mencha. Akwai tsaron sauran."

Bel ɗina ta iya fitarwa ta shanya a gaban unguwa, amma maganar da za ta wanke ni ita ce za ta kwana a da'ira.

Saura mutum ɗaya. "Komadre," na ce. "Ke kika zo kika kira ni. Ke kika wanke ciwon."

Ɗan Zoila babur mai ƙafa uku yake ja, kuma tashar da yake lodi a hannun su Selvin take. Na sani. Ko a lokacin na sani. Amma ban taɓa zaton zan ga abin da na gani ba. Ba ta ɗago kai ba.

"Na wanke ciwo, gaskiya ne," ta ce a hankali. "A gidanki na wanke. Yadda aka yi, ban sani ba."

Jami'ar ta zo ta durƙusa daidai tsawon Dilcia, yadda aka koya mana. Ta yi mata magana da taushi. "'Yata, kin san bel ɗin nan?" Dilcia ta gyaɗa kai. "Na wane ne?" Yarinya ta kalle ni. Na ga tana neman izini a fuskata, ni kuma da bakina na ja mata kunne, kuma ga mutanen ubanta a ƙofa. Kafin in buɗe baki jami'ar ta sauya tambaya. "To a ina kike ganinsa?"

"A saman kabad ɗin Kaka," in ji Dilcia. Ba ta yi ƙarya ba.

A ranar aka ce yarinya ta koma wurin kakarta ta wajen uba har a gama bincike. Na yi ihu, na yi zagi, na kira sunan kowace mace a da'irar da na uwarta, wanda bai taimake ni ba a idon mai tabarau. Cikin hayaniyar bel ya faɗi daga hannuna. Na ga Otilia ta sunkuya ta ɗauka, ta ce ita za ta kai ofis. Ta naɗe shi ba tare da ta kalla ba, tauraron a ciki, yadda mace ke naɗe abin da ta saba kwashewa daga kan kujera. Dilcia ba ta yi kuka ba da aka ja ta. Ta dai waiwayo ta ce, "Kaka, kin ce a ƙasa sosai."

Washegari Iveth ta zo ƙofata da takardar shaidar da na bari a ƙasa, ta goge mata sawun takalmi. Ta ce ba ta yi barci ba. Ta ce za ta rubuta wa na sama, za ta yi wa jami'ar magana a keɓe in abubuwa sun lafa.

"Yaushe suke lafawa a unguwar nan, Malama?"

Ta miƙo mini takardar.

"Kin ce ke mai tsaron ƙofa ce," na ce. "Tafi da takardarki. Ki rataye ta a igiya."

Zoila ba ta zo da kanta ba. Ta aiko da miyar wake a kwanon da na san shi shekara da shekaru. Ba a mayar wa komadre abinci, ban mayar ba. Na ajiye a bakin ƙofa har ya yi tsami. Haushin Otilia ban ji sosai ba, maƙiyiya ce ta yi aikinta. Iveth yarinya ce, ta tsorata. Amma Zoila, har yau in na tuna muryarta tana cewa ban sani ba, sai numfashina ya tsaya.

Na je ofis sau da yawa. Kullum ana bincike. Na tambayi mai tabarau ko an kawo mata bel ɗin, ta ce tana jira.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci muka fito gaba ɗaya, matan da'ira duk suna nan da yaransu. A tsallaken titi, gaban shagon sayar da lemo, ga Selvin a tsaye ya yi wanka ya yi aski, ya cusa riga cikin wando. Dilcia na gefensa da riga mai dogon hannu a wannan zafin. Ya dafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan ya saƙale babban yatsa a ƙugu. Rana ta bugi tauraron yana walƙiya, ana hango shi tun daga matakalar coci.

Na juya na kalli matan da'ira ɗaya bayan ɗaya. Duk sun gani. Zoila ta gani, ta ɗaga hannu za ta yi alamar gicciye, hannun ya tsaya mata a goshi.

Dilcia ba ta kalli kowa ba. Tsawonta daidai ƙugunsa yake, kuma idonta na kan bel ɗin, irin kallon da take yi wa saman kabad ɗina.